Alhakin Mai Saka Waƙa

Tun da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, zamanin Sardauna, tafsiri da kalangu ta akwati ɗaya suke shiga gidajen mutane. Rediyon da ke kawo muryar Shaihu Abubakar Gumi daga masallacin Sultan Bello cikin azumi, daga baya kuma ta Shaihu Ɗahiru Bauchi, shi ne dai yake kawo Mamman Shata da Ɗanƙwairo a filin Zaɓi Sonka. Iyayenmu ba su ga abin mamaki a nan ba. Sun saurari wannan, sun saurari wancan, sun saɓi fartanya sun tafi gona. Mu 'yan baya ne abin ya zame wa tambaya. Ni kuwa tambayar ta fi shafata, domin saka waƙa ita ce sana'ar da nake ci da iyalina.

Ina gabatar da shirin kiɗan gargajiya a wani gidan rediyon gwamnati. Mutanena su ne Ibrahim Narambaɗa, Salihu Jankiɗi, Aliyu Ɗandawo, Sa'idu Faru, Musa Ɗanƙwairo da Sarkin Taushin Katsina, sai Shata da Ɗan Maraya Jos da Barmani Coge. Tsakanin waƙa da waƙa nakan yi bayani: wa aka yi wa, me ke faruwa a lokacin, me ya raba kotso da taushi, me ya sa ba kowane mai rawani ake busa wa kakaki ba. Wani mako in gayyato maƙeri ko majemi ko masassaƙi mu yi hira. Ni ɗan Kutemeshi ne, a gabashin ƙasar Birnin Gwari, maƙwabtan Kuyello da Tabanni da Dogon Dawa, yankin da zuwa Funtuwa ya fi mana sauƙi a kan zuwa Kaduna. Can aka binne cibiyata, can Inna take, can kuma nake da kawu, wan Inna, wanda ya biya mini Ahalari da Ishmawi da Risala a zaurensa, wanda har gobe bai gamsu da wannan aiki nawa ba.

Ba ya yi mini faɗa. Abin da yakan ce shi ne, "Ɗana, ni ban ce tuwonka haram ne ba. Na dai san a gabana ka karanta Risala, ka kuma san abin da ta ce." Sai in ce, "Allah gafarta Malam, na sani." Mu koma zancen damina.

Na sani ɗin kuwa. Ibn Abi Zaidin Alƙairawani bai yi kwana-kwana ba, a babin ladubba na ƙarshen littafin ya hana mutum ya kasa kunne da gangan ga kayan kiɗa da waƙa, kuma duk wanda ya yi karatun zaure a ƙasar Hausa da wannan ya tashi. Masu hani suna da ayar farkon Suratu Luƙman mai zancen masu sayen maganar shagala, wadda Abdullahi ɗan Mas'udu ya rantse cewa waƙa ake nufi. Suna da hadisin da ke cikin Buhari na wasu mutane da za su zo suna halatta zina da alharini da giya da kayan kiɗa. Suna da Ibnul Ƙayyim da ya yi dogon rubutu a kan ɓarnar da waƙa ke yi wa zuciya. Duk ɗan rediyon da ya ce maka masu hana kiɗa jahilci ne ke damunsu, shi ne bai yi karatu ba.

Ɗaya ɓangaren ma ba hannu rabbana suka zo ba. Ibn Hazam na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya bi hadisan hanin ɗaya bayan ɗaya ya ce babu wanda ya inganta a wurinsa, har na Buharin ya ce isnadinsa a yanke yake, ko da yake manyan malaman hadisi sun mayar masa da martani a kan wannan. Akwai hadisin Nana A'isha na ranar idi, da 'yan mata biyu ke rera waƙoƙin yaƙin Bu'asu a ɗakinta, Sayyidina Abubakar ya shigo ya tsawata, Manzon Allah (SAW) ya ce a ƙyale su. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware wa sauraren waƙa babi guda a cikin Ihya'u, ya nuna cewa sauti mai daɗi a karan kansa ba shi ne laifin ba, abin dubawa shi ne me ake faɗa, wa ke faɗa, wa ke ji, kuma me ya motsa a zuciyar mai jin. Shi ɗin ma ba komai ya saki ba, ya keɓe kayan tsirkiya da wasu na busa saboda a zamaninsa alamar majalisar mashaya ne.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne saɓanin bai tsaya a Bagadaza da Andalus ba, ya shigo har cikin gidan Fodiyo. Shehu Usmanu a Kitabul Farƙi ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe dare da rana cikin halayen sarakunan da ya yaƙa, ya ce Musulmi ba su buga ganga sai da dalili na shari'a, kamar tara runduna ko sanar da tashinta. Ƙanensa Malam Abdullahi ya fi shi tsanani. Wajen 1807 ya ga jama'ar jihadi sun fara karkata ga duniya, ransa ya ɓaci, ya kama hanyar gabas da nufin aikin haji, mutanen Kano suka tsayar da shi, a nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Shi da kansa ya ba da labarin yadda aka farfasa kayan kiɗa a Kano, aka mayar da icen gangunan abin zuba wa dawaki abinci. Amma da aka ci ƙasa, mulki ya zauna, Shehu ya sake duba mas'alar. A rubuce-rubucensa na baya, irin Najmul Ihwani na wajen 1812, ya kawo maganganun malaman da suka sassauta, ya ja kunnen almajiransa kada su riƙa yi wa jama'a inkari a kan abin da malamai suka yi saɓani a kai. Wa da ƙane, duka biyun tekun ilimi, kowa ya tsaya a kan fahimtarsa, ba wanda ya kafirta wani. Tafiya ta yi tafiya har ganguna suka koma fadar magadan Shehun: Salihu Jankiɗi makaɗin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ne, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988, ubangidan Narambaɗa kuwa, Sarkin Gobir na Isa Amadu, daga zuriyar Sarkin Musulmi Bello ya fito.

Saboda haka idan mai saurare ya bugo waya yana neman hukuncin kiɗa, ba na ba da fatawa, ni ba mufti ba ne. Abin da na riƙe shi ne mas'ala ce ta saɓani, wanda ya bari don tsentseni ya kyauta, wanda ya murɗe rediyonsa in shirina ya zo bai yi mini laifi ba, kuma Kawu na cikinsu. Da a nan maganar ta ƙare, da ban ɗauki alƙalami ba. Abin da ya faru da garinmu ne ya buɗe mini wata tambayar da ta fi wannan nauyi.

Mun tashi a Kutemeshi gari na da sauti. Ranar gayya gangar noma ke gaba, samari na bin ta da garma, makaɗi na kiran sunan wanda ya riga kowa kai ƙarshen kunya. Ranar kasuwa kalangu na tashi a rumfar mahauta. Bayan an kai amfanin gona gida mafarauta su fito da talle su nufi daji, wannan dajin da ya miƙe ya haɗe da Kamuku da Kuyambana, wanda a da ba mu san shi da komai ba sai nama da zuma da itace. Farin wata 'yan mata na gaɗa a dandali, ranar biki mata na kiɗan ƙwarya a cikin gida. Gaskiya ne wa'azi ya rage wasu daga cikin waɗannan tun kafin bindiga ta iso, musamman bayan kafuwar Izala a 1978, kuma wasu abubuwan da aka bari, irin cakuɗuwar dare a dandali, ba ni da hawayen da zan zubar musu. Amma wannan ragi ne na hujja da hujja. Malami ya yi magana, wani ya karɓa, wani ya ƙi, gobe a haɗu a sahu ɗaya.

Sauran kuwa bindiga ce ta ƙarasa. A wani daren Asabar na watan Fabrairun 2021 mahara a kan babura suka shiga Kutemeshi, suka kashe mutum 14, suka fasa shaguna, gwamnatin jiha ta tabbatar da adadin ta bakin kwamishinan tsaro na lokacin, Samuel Aruwan. Wannan harin shi ne wanda jaridu suka ɗauka, ba shi ne na farko ba, ba shi ne na ƙarshe ba. Gayya ta mutu domin manyan gonaki na bakin daji sun gagari masu su. Mai aurar da 'ya ya ɗaura aure da hantsi, a kai amarya kafin la'asar, ko guɗa sai a yi ta ƙasa-ƙasa, domin ganga da dare sanarwa ce ga mutanen daji cewa ga jama'a a tare, ga babura a jere, ga kayan ɗaki sabbi. A 2022 kuma ƙungiyar ci gaban masarautar Birnin Gwari ta yi ta kokawa cewa 'yan Ansaru sun samu wurin zama a gabashin ƙasar, wajen Damari da kewaye, suna wa'azi, suna jan samari, har suna hana harkar siyasa.

Wani saurayi ɗan unguwarmu, mai son addini ne ba shakka, ya taɓa ce mini, "Yaya, ko ba komai dai an huta da kaɗe-kaɗe." Maganar ta tsaya mini a rai, kuma ban yarda da ita ba ko kaɗan. Ayyuka da niyya suke. Makaɗin da ya rataye gangarsa don tsoron Allah yana da ladansa. Wanda ya rataye ta don kada a jiyo shi a zo a kashe shi, wannan ba tuba ya yi ba, zaluntarsa aka yi. Shirun da tsoro ya kawo ba a rubuta wa kowa shi a matsayin taƙawa, kuma garin da ya daina kiɗa domin ya daina noma da biki da kasuwar dare bai ƙara kusanci ga Allah da wannan ba, ya dai ƙara talaucewa. Shi ya sa ba zan taɓa sa Kawu a layi ɗaya da mai wa'azi da bindiga a kafaɗa ba, ko da a ce hukuncin da suke faɗa a kan ganga iri ɗaya ne. Kawu makaminsa littafi, in ya gama faɗa yakan bar ni in hau mota in koma aikina.

A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Kaduna ta sa aka katse layukan waya a yankunan da ke fama da mahara, har da Birnin Gwari, aka hana hawa babur, aka rufe kasuwannin mako. Kusan wata biyu ba kira ba saƙo. A wannan tsakanin Inna ba ta da hanyar sanin ina raye sai in ta ji muryata a rediyo, don haka duk ranar shirin takan sa jikokinta su nemo batir, duk da ta san ra'ayin wanta. Da aka dawo da layi take gaya mini haka, sai ta ƙara da wata magana da ba ta ɗauke ta komai ba: "Ai su ma mutanen dajin an ce ba su rabuwa da rediyo."

Wannan magana ta Inna ce ta tuna mini da inda Gazali ya kawo maganar Junaidu cewa sauraren waƙa na buƙatar abu uku: lokacin da ya dace, wurin da ya dace, da abokan zaman da suka dace. Malamai irin Gazali da suka sassauta, da wannan sharaɗi suka sassauta, domin a zamaninsu mai waƙa na ganin masu sauraronsa ido da ido. Narambaɗa in ya tsaya a ƙofar fada ya san wa ke zaune, ya san wa zai ji habaici ya sunkuyar da kai. Ni fa? Rediyo rijiyar bakin hanya ce, mai gari ya sha, baƙo ya sha, ɓarawon da ya kwana yana tafiya shi ma ya sha. Wuri ba a hannuna yake ba, abokan zama ba ni na zaɓe su ba. A daidai lokacin da tsohon malamin makaranta a Zariya ke jin waƙar yana jinjina azancin Hausar da ke ciki, matar da aka kashe wa miji a Kutemeshi na jin ta, yaron da ya kashe shi ma yana jin ta a gindin wata bishiya da bindiga a cinya. Cikin sharuɗɗan nan uku ba abin da ya rage mini sai ɗan guntun lokaci, da zaɓin abin da zan saka, da kalmomin da zan faɗa kafin in saka. Ashe alhakin da a da yake rabe tsakanin makaɗi da mai gida da majalisa, yanzu kaso mai yawa ya tattaru a kan mutumin da ke zaune gaban makirfo.

A nan ne na ga cewa icen ganga da fatar akuya ba su ne babbar matsalar ba. Matsalar yabo ce. Kusan duk abin da muke kira manyan waƙoƙin Hausa yabo ne, kuma mafi yawansa yabon ƙarfi ne: wanda ya ci gari, wanda maza ke tsoro, wanda ba a ja da shi, wanda kakansa ya hana abokan gaba barci. Addini kuwa ya yi magana a kan yabo da kaifin da bai gaza na kiɗa ba. A cikin Muslim akwai labarin Miƙdadu, da ya ga wani na yabon Sayyidina Usmanu a gabansa, ya durƙusa ya ɗebi tsakuwa yana watsa masa a fuska, ya ce umarnin Manzon Allah ne a yi wa masu yabo haka. Halifa Usmanu fa ake yabo, ba wani azzalumi ba. A gefe guda kuma Manzon Allah ya yafa wa Ka'abu ɗan Zuhairu mayafinsa saboda waƙa, ya ba Hassanu ɗan Sabitu wuri a masallaci. Sayyidina Umar ya tsare Huɗai'a saboda zambo. Ƙarshen Suratush Shu'ara ya soki mawaƙa, sannan ya keɓe waɗanda suka yi imani suka yi aiki nagari. Ke nan tun farko ma'aunin yana kan wa aka ɗaga, wa aka kayar, da gaskiya ko da ƙarya.

Ka ɗauki taswira ka duba garuruwan manyan makaɗanmu. Narambaɗa ɗan Tubali ne, ya yi zamaninsa a Isa. Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru ƙasar Maradun. Kassu na Zurmi. Waɗannan sunaye, Isa, Shinkafi, Maradun, Zurmi, yau in ka ji su a labarai gabanka ne ke faɗuwa. Ƙasar da ta ba mu kotso mafi daɗi ita ce Bello Turji da ire-irensa suka addaba, kuma su ma sun samu mawaƙansu. Waƙar yabon Turji ta zagaya wayoyin mutane, har yaran da ba su san ma'anarta ba suna rerawa. Wanda ya saurare ta da kunnen sana'a zai ji cewa kayan aikin ba baƙi ba ne: kirarin nan ne, kambamawar nan ce, zuga ɗin nan ne da muka gada. To in na saka waƙar da ke cewa wane gagara-badau ne, maza na gudu in sun hango shi, me zai hana na dajin ya ji kamar da shi ake?

Na daɗe ina juya wannan, ga inda na tsaya. Akwai bambanci na gaske tsakanin waƙar fada da waƙar ɗan bindiga, amma ba a kiɗan yake ba, ba kuma a daɗin Hausar ba. Makaɗin fada na ƙwarai in yana yabon sarki, awo yake ɗora masa. Yana ce masa kakanka ya yi adalci, ubanka ya yi kyauta, gidanku ba a san shi da ƙarya ba, talaka na kwana lafiya a ƙasarku, a gaban jama'a yake faɗa, kuma sarki ya san in ya kasa cika wannan awo, bakin da ya yi yabo ya iya habaici. Ƙarfin da ake yabo ƙarfi ne da aka ɗaure da haƙuri da kunya da tsare amana, shi ya sa za ka ji rabin waƙar nasiha ce da zancen ƙaddara da ƙarewar duniya. Waƙar ɗan bindiga ba ta neman komai daga gare shi. Ba ta ce masa ka zama kaza. Cewa take yadda kake ɗin nan ya yi, ƙara. Ta ɗauki abin da ya kamata ya ji kunyarsa ta mayar masa da shi rawani.

Ba ina wanke makaɗan fada tas ba ne. A cikinsu akwai roƙo tsagwaronsa, akwai zambon da ya ci mutuncin bayin Allah don kawai sun nemi sarauta sun rasa, akwai yaƙe-yaƙen da ake tinƙaho da su waɗanda in ka bincika harin kama bayi ne, kuma ƙasashen da ke kudu da mu sun san wannan tarihi a jikinsu. Shata kansa, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, da kalangun da ya yi waƙar tsayawa ga Annabi da shi ya yi waƙar mashaya. Ba a ɗaukar mutum dungurungum a ce halal ne ko haram ne, waƙa-waƙa ake bi, wani lokaci ma ɗiya-ɗiya. Abin da nake yi shi ne in zan saka waƙar da ke zuga jarumtar yaƙi, sai na fara faɗin wane yaƙi ne, su wa aka ci, me ya samu mutanen garin da aka ci. Wasu masu saurare na cewa ina ɓata musu daɗi da surutu. Na ji, amma surutun nan shi ne ɗan abin da ya rage mini na majalisa.

Inda abin ya fi yi mini wuya shi ne Gambu. Muhammadu Gambo na Fagada a jihar Kabi, mai waƙar ɓarayi, wanda ya rasu a 2016 bayan ya bayyana wa duniya cewa ya bar wannan layi. Duk wanda ya san Hausa ya san mutumin nan gwani ne. Iya ba da labarinsa, ban dariyarsa, yadda yake zana hali cikin kalma kaɗan, ba kowa Allah ya ba ba, shi ya sa malaman jami'a irin su Farfesa Aliyu Muhammad Bunza suka nazarce shi. Haka Kassu Zurmi da waƙoƙinsa na 'yan tauri da ɓarayi. Ana yawan roƙona in saka su, ni kuma ba na sakawa. Wani abokin aikina, wanda ya fi ni daɗewa a gidan, yakan ce, "Haba Malam, waƙa ce ta kawo bindiga? Gambu ya yi zamaninsa ana kwana ƙofa buɗe. Ka je ka tuhumi satar shanu da ƙwace burtali da zaluncin alƙalai da makaman da suka kwararo bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 da rikicin zinariya." Gaskiyarsa, kuma ban taɓa cewa waƙa ce ta haifi ta'addanci ba. Amma ɓarawon zamanin Gambu mai haura katanga ne da dare, in gari ya waye ya ɓuya, jama'a na dariyar waƙar ne domin sun fi ƙarfinsa. Yau shi ya fi ƙarfin jama'a, shi ke sa wa ƙauye haraji kafin a yi girbi. Kuɗi ya riga ya samu, abin da yake nema yanzu suna ne, kuma suna a ƙasar Hausa bakin mawaƙi ke ba da shi. Waƙar ba ta sauya ba, masu sauraro ne suka sauya, kuma da Gazali na nan ina jin da wannan zai yi hukunci. Ba zan zauna a gidan rediyon da aka gina da harajin talakawa in aika wa matar da ke takaba a Kutemeshi kirarin sana'ar da ta mayar da ita haka ba.

Wannan ma'auni bai tsaya a daji ba. Waƙar da ake yi wa mai muƙamin da kowa ya san ya cinye kuɗin asibiti, ana kiransa garkuwar talakawa da kiɗan fiyano, 'yar uwar waccan ce, sai dai ita tana sanye da babbar riga. Ita ma ba ta shiga shirina, kuma wannan ya fi jawo mini tsegumi a kan na Gambu.

Sai dai ƙin sakawa daban, shafewa daban. Na ji masu cewa a ƙone irin waɗannan faya-fayai, ban goyi baya ba. Wanda zai rubuta tarihin yadda ƙasar nan ta ɗauki sata da jarumta kafin ta faɗa wannan hali yana buƙatar su, kamar yadda mai nazarin Hausa ke buƙatar su, wurinsu ɗakin ajiya da ajin jami'a, inda akwai malami da ɗalibi da damar tambaya, wato inda sharuɗɗan nan uku suka cika. Abin takaici ma shi ne ba sai an ƙone ba, zafi da ƙura da rashin kula na cinye tsofaffin faya-fayai a gidajen rediyo da dama, na ɓarayin da na sarakunan baki ɗaya. Abin da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da ɗalibansa suka tattara a rubuce babban aiki ne, amma takarda ba ta riƙe sautin kotso.

Waɗanda ma ba a taɓa ɗauka ba sun fi damuna. Narambaɗa ya samu wanda ya naɗe shi. Makaɗin gayyar garinmu, wanda ya san sunan kowane manomi da na kakansa da gonar da kowa ya gada, ba wanda ya taɓa kai masa makirfo, kuma irinsa ne waƙarsa ta fi kowace tsarki a kan ma'aunin da na ambata, domin abin da yake yabo gumi ne da ciyar da iyali. A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka yi sulhu, aka buɗe kasuwar shanu da ta yi shekara da shekaru a rufe, motoci suka dawo hanya, mutane suka fara komawa gonakin da suka bari. Ko sulhun zai ɗore, Allah ne masani, mu dai muna roƙo. Amma makaɗan da suka rage tsofaffi ne, 'ya'yansu sun tafi haƙar zinariya ko acaba a birni, fatun gangunan sun bushe a rataye.

Ina kira ga fadar Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Maigwari na Biyu, da Gidan Arewa a Kaduna, da sashen harsunan Afirka na Jami'ar Ahmadu Bello, su haɗa hannu a naɗi waɗannan mutane tun suna da sauran murya. Malamanmu masu ganin haramci kuma ba na neman su sauya fatawa, su dai ci gaba da yi da hujja kamar yadda Shehu da Malam Abdullahi suka yi, su kuma fito fili su raba kansu da masu yi da bindiga.

Kai kuma mai karatu, in ka san inda wani tsohon makaɗin noma ko na farauta yake a Kutemeshi, Kuyello, Tabanni, Dogon Dawa ko Damari, ka aiko mana da saƙo, mu za mu zo da na'ura. In kuwa roƙonka a saka maka waƙar wani ɗan bindiga ne, ka adana kuɗin katinka.